Mafarkin Mma Saratu da Kwanon Sakatare

Jama'a, ku gyara zama. Wanda ya zo da hawaye ya ɗan riƙe su tukuna, don yayata ba ta yarda a yi kuka kafin a ci abinci. Yau shekara guda cur da muka kai Mma Saratu makwancinta, kuma an ce ni Hannatu in ce wani abu, tunda ni na fi kowa shan wuyarta. To, zan ce. Wanda ya ji na taka shi ya yi haƙuri, a wurinta na koya.

Duk wanda ya taɓa sayen koko a Zongo, tsohon da sabon, ya san dokarta: ludayi ba ya shiga tukunya sai ta gama faɗin mafarkin da ta yi. Ka zo da kwanonka da sassafe, yunwa na cinka, motar tashar jirgin ruwa na shirin barinka, ƙosai na ta ƙamshi a kasko, ita kuwa ta riƙe ƙugu ta ce, "Ku tsaya ku ji abin da na gani." In ka ce, "Mma, na makara," sai ta ce, "Da ka kwana a nan." Mahauta, 'yan dako, direbobi, teloli, kowa haka yake tsayawa da kwano a hannu yana haɗiyar yawu.

Amma fa ba kowane mafarki take ɗauka da nauyi ba. Kashi uku ta raba su. Akwai na wake, wanda cika ciki da wake ke kawowa. "Jiya na ga ina shawagi a kan rufin kasuwar Asigame, 'yan kasuwa na ɗaga mini hannu. Wake ne, ku miƙo kwano." Akwai na son zuciya, wanda za ka ga kanka cikin leshi, maƙiyanka sun durƙusa suna gaishe ka. Shi wannan cewa take yi kai ka aika wa kanka da wasiƙa. Sai na uku, na Ubangiji, kuma alamarsa ɗaya ce tak: yana aiken mutum inda ƙafarsa ba ta son zuwa. Kun sha ji daga bakinta, har yara na kwaikwayonta: "Mafarkin da bai aike ka ba, wake ne."

Mu 'yan gida, in muka ji ta ce wake ne, sai hankalinmu ya kwanta. In kuwa ta fito shiru, tana ɗaure ɗankwali da ƙarfi har goshinta ya tattare, to, ranar akwai magana. Irin wannan ne ya cinye mana fili. Shi ya sa yau kuke zaune a tsakar gidan Malam Idi, ba a namu ba. Zan zo wurin, kada ku gaggauta ni.

Yaran yanzu ba su san asalinmu ba. Babanmu daga ƙasar Katsina ya gangaro da shanu, ya ƙare da gadi a bakin teku. Da bangaskiyarsa ta Kirista ya zo, ya kuma zauna a tsakiyar Zongo, don ya ce ba zai zauna inda ba a iya gaisuwa ba. Mu kaɗai ne masu bin Yesu a layinmu. Cocinmu rumfar kwano ce, in mun taru duka da jarirai ba mu cika benci biyar ba. Yaya ba ta taɓa ɓoye abin da take bi ba, ba ta kuma taɓa cusa wa kowa ba. Da azumi ita ke soya wa rabin unguwa ƙosan buɗa-baki. Ran Lahadi kuwa ko sarki ya aiko, murhunta a kashe yake.

Har Fasto sai da ya zo ya ja mata kunne. Ya ce, "Mma, a yi hattara da mafarkan nan, ba kowace murya ce ta Allah ba."

Ta ce, "Fasto, ai shi ya sa nake tace su. In mafarki ya saɓa wa maganar Allah, da ruwan wanke-wanke nake zubar da shi. Kai dai ka riƙa tace wa'azinka haka, mu riƙa tashi da wuri."

Bai sake tada maganar ba. Wa'azin ma ya ragu da kusan rabi, Allah ya saka mata.

Wahalarta ta farko 'yan loto ne, masu cacar lamba. Kun san halin garin nan, in mutum ya yi atishawa sai a mayar da ita lamba. Kwami direba, ga shi can yana ɓoye fuska, shi ne shugabansu. Kullum yana gaban layi da guntun fensir a bayan kunne. Ran da ta ce ta ga awaki sun shiga coci, sai ya zaburo: "Ao, Mma, awaki nawa?"

"Da dama."

"Mma, daure ki tuna. Bakwai? Goma sha biyu?"

"Kwami, barci nake yi, ba jangali na je karɓa ba."

Daga ranar ta daina sa lissafi a mafarkinta gaba ɗaya. Kome sai ta ce "da dama." Tsuntsaye da dama, matattakala da dama. Kwami ya koma ƙirga ƙosan da take jefawa a kasko, ya buga lambar, ya faɗi warwas. Da ya zo yana ƙorafi, ta zuba masa koko ta ce, "Ka ga wannan? Dala biyu ka sa, kuma ka ci. Ina loton da ya taɓa yi maka haka?"

Sai shekarar da gero ya yi tsada. Nan ne ni ma na shiga uku. Ni na ba ta shawara, ban ɓoye ba. Na ce, "Yaya, kowa na ƙara ruwa. Ki ɗan sassauta hannu, ba wanda zai gane." Ta yi ta ja, daga baya ta bi. Sati uku muna haka lafiya lau. Ran nan sai ga ta ta fito tana ɗaure ɗankwali. Na ce a raina, shi ke nan.

Layi ya cika, ta ce, "Na ga ina zuba muku koko, yana gangarowa tsararo kamar ruwan famfo, ku kuma kuna ta cewa mun gode, Mma, Allah ya yi albarka. Godiyar nan ce ta tashe ni, jikina sharkaf da gumi. To, ku ji: sati uku ke nan ina ƙara wa kokonku ruwa. Shawarar Hanne ce, amma hannuna ne ya zuba."

Wayyo ni! Ina tsaye a gefenta da matsami a hannu. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, ke aka aika, me ya kawo sunana?" Ta ce, "Rakiya." Kwana uku tana raba koko kyauta, mai kauri har ludayi na tsayawa. Ni kuwa wata guda matan layi na kirana Hanne Famfo.

Maƙwabcinmu Malam Idi, wanda shi da ita ba sa kwana biyu ba su yi gardama a kan fassarar mafarki ba, ya leƙo daga zaurensa ya ce, "Saratu, don Allah ki daure ki yi mafarkin sikelin mahauta."

Ta ce, "Malam, mafarkina ni yake kamawa. Ba ya shiga gidan maƙwabta."

Ku riƙe wannan maganar, za ku buƙace ta.

Yanzu bari in rage murya, ko da yake na tsufa da tsoro. Kun san jam'iyyarmu, wadda ba ta da ta biyu. Kun kuma san wanda ya riƙe mata sakatare a tsohon Zongo: Garba. A da, malamin ƙirga buhuna ne a tasha, yaro mai ladabi, a kan kokon Yaya ya girma. Ana ba shi muƙami sai ya sayi baƙin tabarau, ya ce daga yau sunansa Kamarad Sakatare. Ko da hadari ya haɗo ba ya cire tabaran nan.

Aka raba wa matan kasuwa atamfa mai hoton Babba, wato shugaban ƙasa, aka ce duk ranar da zai wuce a rufe sana'a, a ɗaura, a jeru a bakin titi ana tafi. Yaya ta karɓi tata da hannu biyu, ta yi godiya, ta wanke ta tas, ta rufe tukunyar koko da ita. Ranar wucewa ta hura wutarta kamar kullum. Sai ga Garba da samarin jam'iyya biyu.

"Mma, me nake gani? Hoton Uban Ƙasa a kan tukunya?"

"Ba ku ne kuke waƙa shi ke ciyar da ƙasa ba? Ga shi nan a bakin aikinsa."

Mutane suka ƙyalƙyale. Da ba su yi dariyar nan ba, watakila da abin ya wuce. Garba ya ce ta rufe, ta ce masu tafi ma sai sun karya kumallo. Sai ya sa ƙafa ya shure kaskon. Tafasasshen mai ya zubo mata a ƙafar hagu. Waɗanda suka yi mata wanka sun ga tabon, har ta mutu yana nan.

Yayata ba ta yi ihu ba, amma ta ƙullace shi ƙulli na gaske. Ta daina kiran sunansa, sai dai "mai tabarau." Ta hana gidansa koko, ko da kuɗi. Kuma ga abin da ni kaɗai na sani. Kullum da safe tana yi wa layinmu addu'a gida-gida. Sai in ji ta: "Ubangiji, ka albarkaci gidan Malam Idi. Ka albarkaci gidan Sarkin Fawa." Sai ta yi tari, gyaran murya ɗaya. "Ka albarkaci gidan Kwami." Gidan Garba ne a tsakani. Na ce, "Yaya, kin yi tsallake." Ta ce, "Ubangiji ya san hanya, in yana so ya shiga da kansa." Shekara uku tana wannan tarin.

Sai aka ce za a tashe mu daga tsohon Zongo a kawo mu nan bayan gari. Kun tuna yadda hankali ya tashi. Kowane gida na jiran a rubuta masa fili, takardar layinmu kuwa tana hannun Garba. Ni a lokacin mijina ya rasu, ina da 'ya'ya huɗu, a ɗakin Yaya muke. In ba a rubuta ta ba, ba a rubuta mu ba.

Ran nan da hantsi sai ga shi da kansa, har da sallama. Ya ce babban baƙo zai zo daga hedikwatar jam'iyya nan da kwana goma. Wata unguwa ta shirya waƙa, wata ta shirya rawa, shi kuwa yana son abin da ba wanda ya taɓa kawowa.

"Mma, duk Zongo an san mafarkinki ba ya ƙarya. Ki tsaya a gaban lasifika ki ce kin ga Uban Ƙasa cikin fararen kaya, tauraro a kansa, yana jan mutanen Zongo zuwa sabuwar ƙasa. Shi ke nan. Fili a bakin titi, har da wurin kafa tukunya."

"Ban gani ba."

"Mma, takarda tana da ƙarshe. Tawada ma tana ƙarewa."

Ta dube shi ta ce, "Ban gani ba, na ce. Amma akwai kwana goma. Abin da aka nuna mini a tsakani, shi zan faɗa."

Shi ya ɗauka ta yarda ke nan, ya tafi yana fito. Ni da na san ta, na san ba yarda ta yi ba. Na durƙusa mata, wallahi har ƙasa. Na ce, "Yaya, ki ce kin gani mana! Wa zai shiga kanki ya duba?"

Ta ce, "Wanda ya yi kan."

To, da na ga lallashi ba zai yi ba, sai na koma dabara. Ba na jin kunyar faɗa. Kwana tara ina dafa mata wake da yamma, wake da shinkafa, wake da gari, wake da manja. Na ɗauko atamfar nan na rataye ta daidai inda za ta buɗe ido ta gani. Ina tsefe mata kai ina zancen taurari. Na ce ko na wake ne a samu, in dai mutumin ya leƙo. Kullum da safe in tambaya, ta ce, "Na ga jaki." Ko ta ce, "Na ga Babanmu yana neman hularsa." Ran na tara ta ce, "Hanne, ki bar waken nan haka, za ki kashe ni kafin baƙon ya zo."

Ran na goma ta fito tana ɗaure ɗankwali. Ban taɓa ganin ta ja shi kamar ranar ba. Ba ta faɗa wa layi kome ba, ta zuba koko shiru. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ta ce, "An aike ni." Na ce, "Ina?" Ta ce, "Inda na fi ƙi."

Da yawanku kuna filin. Ga rumfa, ga baƙo a kujera mai laushi, ga 'yan rawa sun yi gumi, ga tafinta a gefe yana juya magana zuwa Faransanci. Garba ya yi dogon bayani a kan tsohuwa mai mafarkin gaskiya, ya miƙa mata abin magana. Ta riƙe shi kamar muciya.

Ta ce, "Jama'ar Zongo, an ce in faɗi abin da na gani. Ban ga tauraro ba. Garba na gani."

Shekara uku ke nan rabon da sunan ya fito daga bakinta.

"Na gan shi ba tabarau, ba takalmi, yana tsaye a ƙarshen layin koko da kwano a hannu. Na zuba wa kowa, na tsallake shi, yadda na saba. Da na juya zan wanke tukunya, sai na tarar da saura a ciki, daidai cikin kwano ɗaya. Sai aka tambaye ni: Saratu, wannan na wane ne? Nan na farka. To, ku zama shaida. Shekara uku ina tsallake mutumin nan a koko, ina tsallake shi a addu'a. Ina zuwa coci ina waƙar Yesu wanda ya yafe mini, alhali na shaƙe wannan a wuya. Abin da ya yi mini, tsakaninsa da Allah. Wannan kuwa laifina ne. Garba, ka gafarce ni. Daga gobe karin kumallonka yana wuyana."

Tafinta ya kai rabi ya tsaya, ya dubi Garba, ya dubi sama. Baƙon ya gaji da jira ya yi tambaya, tafinta ya juyo da ita: "Mma, ana tambaya, Uban Ƙasa fa? Bai fito a mafarkin ba?"

Ta ce, "Bai zo ba. Wataƙila aiki ya yi masa yawa."

Kai! Wani mahauci ne ya fara fashewa, sai fili duka ya ɗauka. Har 'yan rawa suna toshe baki da gefen atamfa. Garba ya tsaya ƙiƙam, gumi na bin ƙarƙashin tabarau. Baƙon ya tashi ya shiga mota ba sallama.

Aka tafi da ita ofis. Har la'asar ana tambayarta wa ya sa ta. Ta ce ta riga ta faɗa a lasifika. Mai rubutu ya rasa abin da zai sa a wurin laifi, tunda ba a taɓa kawo masa wadda ta nemi gafara a bainar jama'a ba. Malam Idi da dattawa suka je suka yi ta ba da baki, aka sako ta. Amma da aka manna takardar fili, mun duba ta daga sama har ƙasa, mun sake dubawa. Babu Saratu.

Nan fa dariya ta ƙare mini. Zan faɗi gaskiya a gaban kowa, na tsane ta a watan nan. Na ce mata, "Kin wanke zuciyarki da rufin 'ya'yana. Ke kin fita fes, mu mun kwana a rana." Na ɗauka za ta ba ni amsa mai kaifi kamar yadda ta saba. Sai ta zauna a kan turmi ta fashe da kuka. Tun mutuwar Babanmu ban ga hawayenta ba. Ta ce, "Na sani, Hanne. Da a ce ni kaɗai abin zai ci, da na fi kowa murna. Amma in na tsaya na ce Allah ya nuna mini abin da bai nuna ba, da wane baki zan sake kiransa a kan yaran nan?" Wata guda ban yi mata magana ba, muna ɗaure kaya a ɗaki ɗaya.

Ranar da motoci suka zo kwasar kaya, muna zaune a kan ƙullinmu ba mu san inda za mu ba. Sai Malam Idi ya zo ya tsaya a kanmu da carbinsa ya ce, "Me kuke jira? Ku loda." Yaya ta ce, "Zuwa ina, Malam?" Ya ce, "An ba ni fili, zan yi ɗaki biyu a gefe. Maƙwabcin da ya ƙi ƙarya a gaban lasifika ba a barinsa a titi. Ban da haka ma, in na bar ki a nan, wa zai riƙa yi mini gardama?" Malam, kana jina. Ba mu taɓa iya gode maka ba, yau ma ba zan iya ba.

Kwanon kuwa, ta cika alkawari tun washegarin taron. Wani kwanon sha ne mai murfi, shuɗi. Ta cika shi, ta ɗora ƙosai biyar a leda, ta taka da ƙafarta mai tabo har ƙofar Garba. Ya karɓa ya kife shi a kwata a gabanta. Ta sunkuya ta ɗauki abinta ta ce, "Kwanon dai nawa ne." Washegari ta koma. Da muka dawo nan, gidansa na bakin titi, namu na can ƙurya, tafiya ce mai nisa, ba ta fasa ba. Awakin layinsu har suka san takunta, suka yi ƙiba. Wata rana yana zubarwa ta ce, "Garba, ko sukari ne ya yi yawa? Ka faɗa, a gyara." Ran Lahadi da ba ta hura wutar sayarwa, sai ta dama nasa shi kaɗai kafin ta tafi coci. Na ce, "Yaya, ba ki gaji ba?" Ta ce, "Na gaji tun ran farko. Aike ne, ba a tambaye ni ko ina so ba."

Sauran kun sani. Jam'iyyar da ya yi wa bauta ta juya masa baya. Wani ya kai sunansa, aka zo aka tafi da shi, wata da watanni ba labari. Masu ce masa Kamarad suka daina bin ta ƙofar gidan. Yaya ta canza kwano, ta koma kai babba, don matarsa da yara, shuɗin kuma ta bar shi a gidan.

Sai wata safiya, layi ya cika, tana tsakiyar ba da labarin wani mafarkin wake, muka ga ta yi shiru. Muka juya. Mutum ne tsaye a can ƙarshen layi, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ba tabarau, ƙafarsa ba takalmi, da shuɗin kwanon nan a hannu. Ba wanda ya yi motsi. Malam Idi daga bakin zaure ya ce, "Allahu akbar. Saratu, ga mafarkinki."

Ni kam, Allah ya gafarta mini, so na yi ta bar shi ya jira har tukunya ta ƙare. Sai ta ce, "Malam, ba don in ci gardama aka nuna mini ba." Ta ɗaga ludayi ta ce, "Garba, zagayo. Kai ba ka bin layi, naka a ajiye yake." Ya zo ya durƙusa zai yi magana. Ta ce, "Sha tukuna, zai huce."

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, safiyar ƙarshe na tambaye ta don in sa ta dariya, "Yaya, yau me aka gani?" Ta ce, "Na ga gida, Hanne. Fili babba, ba wanda ya riƙe takarda. Ya yi mini daɗi ƙwarai, har ina tsoron ko na son zuciya ne." Na ce, "To, bai aike ki ba?" Ta yi murmushi ta ce, "Ya aike ni. Wannan karon ne kaɗai ƙafata ke son zuwa."

Sannan ta raba gadonta. Kasko ta ba 'yata ta fari. Zannuwa ta ce a kai wa matan coci. Tabaran karatunta ta bar wa Malam Idi, wai ko zai riƙa ganin gaskiya in ana gardama. Ni da na yi mata bautar shekara arba'in, ina jira, sai ta nuna shuɗin kwano. Na ce, "Haba Yaya! Ni ban yi mafarkin nan ba!" Ta ce, "An yi miki."

To, Malam Garba, ɗago kanka, na gan ka tun ɗazu a bayan Kwami. Kowa ya ga yadda ka shiga ramin nan da kanka ranar jana'iza, kai Musulmi, ka karɓe ta da hannu biyu. Shekara guda ke nan ina kai maka kwanon nan, ban yi fashi ba ko sau ɗaya, ka shaida. Ba zan yi maka ƙarya ba a ranar tunawa da matar da ta ƙi ƙarya: ban gama yafe maka ba. Wata safiyar ina tafe ina zaginka a zuci har ƙofar gida. Amma zagin yana raguwa. Da daga nan har titi ne, yanzu ko famfon layinmu ba ya kaiwa.

Bari mu sunkuyar da kai.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Saratu, ta ba mu wahala, ta ba mu dariya, ba ta taɓa sa maka magana a baki ba. Ka ba ta hutawa a gidan da ka nuna mata. Ka albarkaci gidan Malam Idi. Ka albarkaci gidan Sarkin Fawa. Ka albarkaci gidan Garba, kun ji ban yi tari ba. Ka albarkaci gidan Kwami. In ka aike mu inda ba ma so, ka ba mu ƙafar zuwa. A cikin sunan Yesu, amin.

Yanzu mai kuka ya yi kukansa, ga koko can a tukunya, kuma ban ƙara ruwa ba. Garba, kai zauna, naka a ajiye yake.